Yadda Ƙarin Albashi Ya Ramar da Madam

Duk wanda ya yi aiki a kamfanin hatsi na Kafanchan ya san Andrawus Mai Tsintsiya, wanda bai san shi ba kuwa ya san Madam. Ni Rabi'a, uwar Nuru, shekara da shekaru ina sayar da tuwo da shinkafa da wake a bakin ƙofar kamfanin nan. Saboda haka kada wani ya zo ya ce zai gyara mini labarin. A gabana aka yi komai, ina riƙe da marar kwasar tuwo.

Andrawus mutumin wani ƙauye ne a bayan Samaru Kataf, gajere, mai gwamammun ƙafafu, kullum fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. Ya shigo Kafanchan yana saurayi da niyyar zama direban jirgin ƙasa, bai taɓa wuce dandamalin tasha ba. Ya gwada gyaran keke, sai aka riƙa ganin masu kekuna suna komawa gida da kekunansu a kafaɗa. Ya shiga ƙungiyar mawaƙa a coci, bayan Lahadi biyu fasto ya kira shi gefe ya roƙe shi ya koma jera benci, wai a nan ikilisiya ta fi bukatarsa. Abu ɗaya Allah ya ba shi, shara. In Andrawus ya share wuri, sai ka ji kunyar takawa.

A shekarar 1987, lokacin da aka hana shigo da alkama kowa ya koma neman masara da dawa, wani babban kamfani na Legas mai rassa a ko'ina ya zo ya gina sito da injin niƙa a bakin gari. Motoci su ɗebo hatsi daga Kauru da Gwantu, a ɓarza, a ɗura a buhu, a yi kudu da shi. Aka ɗauki Andrawus mai shara, a can ƙarshen layin albashi, inda kuɗin wata ke ƙarewa tun wata bai raba ba.

Amma bai taɓa kuka ba, saboda akwai wata al'ada da ’yan dako suka taho da ita daga kasuwar hatsi: abin da ya faɗi ƙasa na mai tsintsiya ne. Ba wanda ya rubuta wannan, ba kuma wanda ya yi musu. Dusa, tsaki, ƙwayar da ta zube daga yagaggen buhu, duk Andrawus ya tattara. Da yamma za ka gan shi ya fito da ƙunshi a ka, ban da wanda ya maƙale a naɗin wando da cikin takalmansa na roba masu tsawo. Mutum ne da in ka buga bayansa sai gari ya tashi.

Duk wannan dusa ta Madam ce. Madam alade ce mace, wadda matarsa Selina ta sayo tana ’yar mitsitsiya. Ni Musulma ce, ba abin da ya haɗa ni da alade, ko inuwarta ba na so. Amma gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin dabba mai ji da kai kamarta ba. Ba ta cin abinci a ƙasa sai an zuba a komi, ba ta gudu, in ka wuce ta kalle ka sama da ƙasa kamar ka zo neman aiki. Yaran unguwa suka sa mata Madam, sunan ya bi ta. Ta yi ƙibar da in ta kwanta a ƙofar ɗakinta sai ta toshe shi.

Selina mai sayar da citta ce a kasuwa, mace mai kai, ba ta da lokacin shirme. A wurinta Madam asusu ce mai ƙafa huɗu. Da ’ya’yanta aka yi wa gidansu rufin kwano, da su aka aurar da ’yarsu Serah, da su ake fitar da zakkar coci. A wurin Andrawus kuwa Madam abokiyar hira ce. Kullum in ya dawo, kafin ya gaida matarsa, sai ya tsaya a kan komi ya juye ƙunshi, ya tuɓe takalma ya karkaɗe su ɗaya bayan ɗaya, yana ba ta labarin kamfani: wanda aka yi wa faɗa, wanda ya makara, direban da ya sha. Ita kuma tana ci tana gurnani. Selina takan ce da ita yake ba wa rabin wannan hira, da ta san ta yi aure.

Akwai kuma Hussaini, shugaban ’yan dako, ƙato, jikan tsoffin ’yan kasuwar garin nan. Shi da Andrawus abokai ne irin waɗanda ba su gaisawa sai da tsiya. In yamma ta yi Hussaini ya ga sharar ranar ba ta da auki, sai ka ga buhu ɗaya ya yi tuntuɓe a kafaɗarsa, hatsi ya zube ƙasa. Ba a banza ba: kajin Selina ma dusar suke ci, kuma duk Sallah sai zakara ya isa gidan Hussaini, duk Kirsimeti shinkafa da naman kaza. Awakina ma sun san ɗanɗanon dusar nan. Kowa na lasa, kamfani kuma bai talauce ba.

Ana nan sai 1991 ta zo, rediyo ya ce an ƙara mafi ƙarancin albashi zuwa naira ɗari biyu da hamsin. Matsalar rediyo ita ce ba ma'aikaci kaɗai ke da kunne ba. Kafin la'asar mai gishiri ya ji, mai kananzir ya ji, mai gidan haya ya ji. Ni ma na ji, washegari malmalar tuwona ta ɗan tsuke, kuma ba na ba kowa haƙuri, don ni ma a kasuwar nake saye. Ranar Lahadi fasto ya yi wa'azi a kan zakka yana kallon layin ma'aikatan kamfani. Kafin sati ya zagayo, dangin Selina biyu sun iso daga ƙauye da tabarmarsu, wai sun zo taya murna. Duk wannan ko kwabo bai shiga aljihun Andrawus ba, don kamfani ya ce Legas na nazari.

Sai Francis ya tashi. Francis tsohon malamin firamare ne da ya zama sakataren ƙungiyar ma'aikata, mutum mai jaka a hammata da Turanci a baki. Ya hau kan tulin buhuna ya yi jawabi har muryarsa ta dushe, ya yi barazanar yajin aiki. Bayan an ja an ja, kamfani ya ce ya amince, zai biya sabon albashi har da ariyas, wato bashin ƙarin watannin baya. Ranar aka ɗauki Francis a kafaɗa aka zagaya sito da shi. Andrawus ne a gaba yana rawa da tsintsiya. Da ya san abin da yake yi wa rawa, da ya zauna.

Ba a daɗe ba Legas ta aiko sabon Manaja, siriri mai tabarau, wanda ba ya jin Hausa kuma ba ya son ya ji. Ya tara ma'aikata, Francis na fassara, ya ce tunda kamfani zai biya cikakken albashi, daga yau babu sauran abin banza. Shayin safe ya tafi. Motar da ke kwaso ma'aikata daga cikin gari ta tafi. Leburorin wucin gadi aka sallami rabinsu. Sharar sito kuwa an ba ɗan kwangila, za a riƙa tara ta a bayan sito, a ɗura a buhu da rana, a auna, a sayar wa masu gidan kaji. Ko ƙwaya ɗaya ba za ta sake fita kyauta ba.

Andrawus kuma, da yake tsohon ma'aikaci ne mai gaskiya, sai aka yi masa ƙarin girma. Aka karɓe tsintsiya, aka ba shi kaki da kulki da usur, aka tsayar da shi a ƙofa ya riƙa caje masu fita. Manaja ya ce ai babu wanda ya fi shi sanin inda dusa ke ɓuya a jikin mutum. Ya sa shi ya yi alkawari, Andrawus kuwa dattijo ne a ikilisiya, in ya ce i to i ne. Ranar farko na gan shi da idona, bayan ya caje kowa, ya zauna a kan dutse ya caje takalman kansa, ya karkaɗe su a cikin harabar kamfani, sannan ya tafi gida hannu na dukan cinya. Da ya tambayi ranar biya aka ce wata mai zuwa.

Madam ba ta san da zancen rediyo ba. Ita dai ta ga mutumin ya dawo da hula da usur, ba ƙunshi. Aka ba ta ɓawon doya, ta shinshina ta juya baya. Aka ba ta ganyen gwanda, ta kalli Selina kallon da ko ni ba zan jure ba. Wata maƙwabciya mai dafa burkutu ta ba da tukar da ta rage, wannan kam Madam ta ci, amma ta wuni tana tangaɗi a tsakar gida tana ihu, ta ture tukunyar miyar baƙi, daga ƙarshe ta yi barci a ƙofar banɗaki, ba wanda ya samu shiga sai yamma. Dangin Selina suka naɗe tabarmarsu washegari. Wannan ne kaɗai alherin da aka samu a watan.

Wata mai zuwa ya zo, aka ce Legas ba ta sa hannu ba tukuna. Dusar kasuwa ta yi tsadar da tsohon albashi ba zai taɓa ta ba. Madam ta fara ramewa, fata ta saki, ƙashin baya ya fito, tafiyar ƙasaitar nan ta koma jan ƙafa. Selina ta zaunar da mijinta ta gaya masa magana ɗaya: in wata ya ƙare ba abinci, ranar Alhamis za a kai Madam kasuwar aladu ta Katsit, tun tana da sauran naman da za a saya. Ba mugunta ba ce, ita ma idonta ya yi ja. Amma Andrawus ya fito kamar an yi masa mutuwa, ya zauna a bencina ya kasa cin tuwo.

A taron ƙungiya na gaba, ana cikin zancen ariyas, sai ya ɗaga hannu. Ba a taɓa jin muryarsa a taro ba, don haka kowa ya yi tsit.

Ya cire hula ya ce, “Malam Francis, ina da roƙo. Wannan ƙari da kun samo mana, mun gode, Allah ya sa albarka. Amma nawa, a mayar masu. Su ba ni tsintsiyana.”

Francis ya cire jaka daga hammata, abin da ba ya yi sai magana ta yi tsanani. Ya ce tun da aka fara ƙungiyar ƙwadago a duniya ba a taɓa jin ma'aikacin da ya nemi a rage masa albashi ba, kuma ba a Kafanchan za a fara ba, ba a zamaninsa ba. Ya ce wannan nasara ce ta talaka.

Andrawus, da Hausarsa ba ta raba mace da namiji, ya ce, “To Malam, ka zo gida ka gaya wa Madam. Ni na gaya masa, bai gane ba.”

Aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Amma na lura wasu ba su yi ba, musamman waɗanda yanzu suke takowa da ƙafa daga cikin gari ba shayi a cikinsu.

Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Bayan kwana kaɗan, da sassafe ina hura wuta, sai na hango Andrawus cikin kaki yana tafe, Madam na bin sa a baya kamar mai rakiyar miji tasha. Ya buɗe ƙofa, suka shige, ya kai ta bayan sito inda sharar jiya ke tule tana jiran a ɗura. Da ya dawo na tare shi. Ya ce shi ya yi alkawari ba zai bar kowa ya ɗauki dusa ya fita da ita ba, kuma ba wanda ya ɗauka. Madam baƙuwa ce, ta zo ta ci a wurin, kuma a garinsu ba a hana baƙo abinci.

Na ce, “Baban Serah, ka san garin nan. Ka san bishiyar mangwaron da ke bayan siton nan, a nan su Hussaini ke salla.”

Tun rikicin addini na 87 kowa a Kafanchan yake taka ƙasa a hankali, ƙaramin abu kan zama babba kafin ka ƙifta ido. Shi ma ya sani, don gidansa ya ɓoye mutane a lokacin. Amma yunwar Madam ta rufe masa ido. Ya ce, “Maman Nuru, Madam yana da hankali. Ba ya zuwa inda ba a kira shi ba.” Kafin ma'aikata su iso ya fito da ita ta koma gida da kanta, ciki ya ɗan taso.

Haka aka yi ta yi kusan mako guda, har Selina ta fara cewa addu'ar zumuntar matan coci ce ta karɓu. To, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ran nan wani direban tirela da ya kwana a harabar ya tashi ya danna hon don ya gwada. Madam da ba ta taɓa gudu ba a rayuwarta ta zabura, ta miƙe sak ta nufi gindin mangwaro, inda tabarmi ke jingine da butoci a jere.

Allah ya sa Hussaini ne ya fara isowa, kamar kullum. Yana shiga ya gan ta, saura ƙiris ta kai ga tabarmi. A daidai lokacin samarin ’yan dako, masu zafin kai, sun iso wurina za su karya. Hussaini ya waiwayo ta cikin wayar shinge ya yi mini wani kallo, na gane. Na ce wa samarin yau sadaka nake yi, kowa ya zauna, nama kyauta. Ni Rabi'a, da ban taɓa ba da gyaran ko ƙashi ba. Suka zauna suna kallona kamar na haukace, na yi ta zuba musu ina jan su da surutu, zuciyata na ƙuna a kan kowace tsoka.

Ta bayan kawunansu ina hango abin da ba zan manta ba. Hussaini, ƙaton mutum, ya tattare riga da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da doguwar gora, yana tura Madam daga nesa yana ta a'uziyya, in ta juyo ya yi tsalle baya. Andrawus na gefe yana roƙon ta da yarensu. Ƙofar da ta fi kusa, wadda masu goge-goge suka bari a buɗe don iska ta shiga, ita ce ta ofishin Manaja. Nan ta faɗa, Hussaini ya ja ƙofa da ƙarshen gora ya rufe. Suna tsaye suna haki suna shawarar yadda za a fito da ita, sai ga hon ɗin motar Manaja, wanda bai taɓa zuwa da wuri ba sai ranar.

Andrawus ya ruga ya buɗe ƙofa, ya ƙame, ya sara. Manaja ya wuce ofis da jakarsa. Ban san siririn mutum na da murya haka ba. Da aka shiga aka same shi tsaye a kan tebur, Madam kuwa ta cinye samfurin masarar da ke cikin kwanoni, ta haɗa da biskit ɗinsa da furen da ke tukunya, ta miƙe a kan kafet a ƙarƙashin fanka. Samarin nan suka zo suka leƙa ta taga suka yi ta dariya har da faɗuwa, suna cewa yau Madam ta zo karɓar ariyas. Ba wanda ya san inda ta fara nufa, daga ni sai Hussaini sai mai ita, kuma ba mu faɗa ba.

Da Manaja ya sauko ya ce kora ce, yanzu-yanzu. Ya ce kayan kamfani na cikin cikin dabbar nan, har ya sa a kora ta kan sikelin da ake auna motoci, sai dai ba wanda ya san nauyinta na shiga, don haka aka tsaya ana kallon allura kawai. Francis ya zo ya yi Turanci mai yawa. Abin da ya yi aiki dai maganar Hussaini ce, da ya ce a gaya wa Oga in Andrawus ya fita, ba buhun da zai hau mota yau. Ga tireloli a jere suna jira. Aka daidaita a kan cewa aiki na nan, za a cire kuɗin wankin kafet da na fure daga ariyas, kuma in aka sake ganin ko sawun alade kusa da kamfani, shi ke nan.

Da suka fito Hussaini ya ce masa, “Kai Andrawus, ka sa ni wanka da wankin riga da sassafe. Zakara biyu zan karɓa bana.” Andrawus ya riƙe hannunsa kawai. Ya san abin da ya kusa jawowa, ya kuma san abin da ya rage.

Ranar Alhamis ya nemi izini. Masu kai aladu Katsit da igiya suke jan su, ana kokawa ana ihu, wasu a ɗaure a bayan keke. Andrawus bai ɗaura mata komai ba. Ya sa kakinsa da takalman roba ya kama hanya, ta bi shi, don a zatonta bayan sito za su. Selina na biye da su daga nesa. Ita ta ba ni labarin sauran: wani ɗan kasuwa daga kudu ya taya, ya ce ta rame, Selina ta yi ciniki kamar yadda ta iya, aka sallama. Da za a hau da ita mota ta ƙi, ƙarti suka taru suka kasa. Sai Andrawus ya hau motar da kansa, ya tuɓe takalmi ɗaya ya karkaɗa a kan katako. Ba komai a ciki sai yashi, amma da ta ji ƙarar ta hau. Ya sauko da takalmi ɗaya a hannu, bai waiwaya ba, bai kuma tsaya karɓar kuɗi ba.

Ya ci gaba da gadi har shekarun da kamfanin ya fara tangal-tangal ya rufe, sannan ya koma share coci, inda ba mai auna abin da ya tara. Selina ta sake sayen ’yan aladu daga baya, ya riƙa ba su abinci, amma bai sa wa ko ɗaya suna ba, ba ya kuma yi musu hira. Hussaini ya samu zakarunsa biyu.

Ariyas kuwa ta zo, mako biyu bayan Katsit. Ranar kamfani ya zama kamar gidan biki, masu bin bashi sun yi layi a waje tun kafin a buɗe taga. Da yamma, bayan ya gama caje kowa, sai na ga Andrawus ya koma ciki wurin ɗan kwangila. Can ya fito da buhun dusa a ka, saye ya yi, da farashin kamfani, kusan duk ƙarin wata guda ya tafi a kai. Ya tsaya a ƙofar da yake gadi ya nuna wa abokin aikinsa shaidar biya, ko da yake ba wanda ya tambaye shi, sannan ya tako zuwa rumfata ya sauke.

Na ce, “Baban Serah, wa za ka ba?”

Ya daɗe yana kallon buhun. Ya ce, “Ina so in gani ne kawai, Maman Nuru. Da sun biya a kan lokaci, da wannan ya kai shi sati biyu.” Ya share fuska da hula. “Sauran sati biyun ban san yadda za mu yi ba. Ki ba awakinki.”

Ni ba mai saurin kuka ba ce, kuma ban taɓa zaton zan ji tausayi a kan alade ba, amma ranar sai da na juya baya na yi kamar hayaƙi ne ya shiga mini ido. Ya zauna a benci ya ce a ba shi tuwo. Da na ajiye masa ya duba kwanon ya ce malmalar nan kullum ƙara ƙanƙancewa take yi. Na ce albashi ne ya ƙaru. Na ƙara masa ɗaya ban karɓi kuɗinta ba, ya ci a hankali, ya wanke hannu, ya tafi gida ba komai a kansa.